Jitocin bes ɗin da kasuwa ta ƙi: kundin aikin 2025

12 ga Janairu

Daga bana na gindaya wa kaina sharaɗi kan abin da zai shiga tarin nan. Sai jitar bes mai lantarki, wato jita mai kaurin murya, da aka ƙera tsakanin shekarun 1950 da ƙarshen na 1970, wadda maƙeranta suka gwada wata dabara ta daban, masu saye kuma suka juya mata baya. Sauran, duk kyansu, na bar wa masu so.

Jita mai wuyar samu ba iri ɗaya ba ce. Wata darajarta ta hannun da ya taɓa riƙe ta ce, mai sayenta suna yake saye ba katako ba. Wata kuma launin fenti ne kaɗai ya raba ta da dubban 'yan uwanta. Wadda ta ɗauke mini hankali ita ce wadda ta yi ƙaranci don a zamaninta ba ta yi kasuwa ba, kamfani ya yi 'yan ɗaruruwa ya haƙura. Irin wannan ita ke da labari a jikinta.

Tun wajen 1936 wani Ba'amurke a Seattle, Paul Tutmarc, ya fitar da Audiovox 736, bes mai tsirkiya huɗu da ake ratayawa kamar jita, amma ba ta je ko'ina ba. Sai a 1951 Leo Fender ya fito da Precision a Fullerton ta jihar Kalifoniya, ita ce kuma ta zama ma'auni: tsirkiya huɗu, tsawon inci 34 daga inda tsirkiya ta bar kai zuwa jakin da take hawa, wuya ɗaure da jiki da noti huɗu. Har gobe yawancin bes ɗin duniya a kan wannan tsari suke. Amma a cikin shekara talatin da suka biyo baya an samu masu taurin kai da suka ce ba dole sai haka ba, su nake bin sawu.

Abin da ke hannu yanzu: Hagström H8, da Travis Bean TB2000, da Ampeg AEB-1 wadda ba ta magana ko kaɗan, da wata ta Jamus mai ramin ciki da sunan maƙerinta ya goge daga kai. Abin da nake nema bana ɗaya ne tal, Fender Bass V.

Aiki na biyu, wanda ya fi saye muhimmanci a wurina, shi ne kowace jita ta samu fayil nata: hotunan ciki da waje, nauyi, awo, lambar jiki, abin da mita ta karanta a fikof (na'urar da ke ɗauko rawar tsirkiya ta kai wa amfilifaya), da duk abin da wani ya taɓa canzawa. Jitar da ba a iya faɗar tarihinta da hujja, zance ne kawai ke riƙe da darajarta.

2 ga Fabrairu

Na fara fayil da H8 don ita ce mafi sauƙi, ba wanda ya taɓa shiga cikinta da mugun hannu.

Kamfanin Hagström na garin Älvdalen ne a ƙasar Suwidin, kuma da akodiyan ya yi suna kafin ya shiga jita. A 1967 ya fitar da wannan, bes ta farko mai tsirkiya takwas da aka yi don kasuwa. Tsirkiyoyin bibbiyu suke a jere: kowace mai kauri da siririya a gefenta, siririyar tana kaɗawa ninki biyu na mai kaurin, don haka bugu ɗaya sai ka ji kamar bes da jita sun tashi tare. Noel Redding, mai yi wa Jimi Hendrix bes, ya yi aiki da irinta. Duk da haka zuwa 1969 an daina, bayan an yi dubu biyu da 'yan kai.

Riƙe ta na minti goma ya isa mutum ya gane dalili. Yatsa ɗaya ne zai danne tsirkiya biyu masu kauri daban a lokaci guda, in bai kwanta daidai ba siririyar ta yi zizza. Da yatsu kuma ba ta bugo da kyau, sai da ɗan robar kaɗawa. Saita murya kuwa aiki ne na mai haƙuri, kunne takwas na murɗa tsirkiya a ɗan ƙaramin kai, ka gyara wannan waccan ta zame. Amma in ta zauna daidai, ba wata bes a ɗakin nan da ke cika wuri kamarta.

Wuyanta a miƙe yake sambal, ban taɓa sandar ƙarfen cikinsa ba. Na auna, na ɗauki hoto, na rufe.

23 ga Fabrairu

An samu mai Bass V da ke son rabuwa da ita. Ya aiko hotuna masu kyau, gaba da baya, a kan jan ƙyalle, haske ya daki fenti. Na gode masa, na ce ba waɗannan nake so ba. Ba a cinikin biri a sama. Na roƙi ya kwance wuya ya ɗauko mini gindinsa da ramin da yake zama, ya ɗaga farantin kariya ya ɗauko wayoyi da likin dalma, ya kuma matso da kyamara kan bayan fot ɗin, wato 'yan ƙarafan da ke ƙarƙashin maɓallan ƙara murya.

Lambar da ke kan farantin bayan wuya, wadda sabon shiga ke fara dubawa, ita ce hujja mafi rauni a jikin tsohuwar Fender. Noti huɗu ke riƙe da farantin, kowa na iya ɗauke shi daga wannan ya kai wa waccan. Gindin wuya ya fi gaskiya, don can ma'aikata ke buga hatimin wata da shekara. Fot kuma yana da nasa lissafi: lambobi uku na farko na kamfanin da ya yi shi ne, 137 na CTS, 304 na Stackpole, sai shekara, sai mako. Na wannan jita 1376618 ne, ke nan CTS, mako na 18 na 1966. Sai dai fot ba ya cewa ga ranar da aka haɗa jita, abin da yake cewa kawai ba a haɗa ta kafin wannan mako ba. Musamman ma na 1966, shekarar da Fender ya sayi fot tuli guda ya yi ta sakawa har cikin shekarun 1970. A nan hatimin wuya ya ce Mayu 1966, farantin baya na da babban harafin F da aka soma bugawa bayan kamfanin CBS ya saye Fender a 1965. Shaidu uku sun yi baki ɗaya.

Ita kanta Bass V abin mamaki ce. A 1965 aka fitar da ita, bes ta farko mai tsirkiya biyar daga babban kamfani. Yau in an ce tsirkiya biyar, ta biyar ɗin ta ƙasa ake nufi, mai gurnani, wadda ake kira B. Ita wannan sama aka ƙara mata, siririyar C. Tunanin shi ne makaɗi, musamman mai karanta kiɗa a takarda, ba sai ya yi ta zarya har ƙarshen wuya ba, ya tsaya wuri ɗaya ya ƙetara tsirkiyoyi ya samu muryoyin sama. Da wannan hujja aka rage ƙarafan firet, waɗanda ke gicciye a wuya inda ake danna tsirkiya, zuwa 15 kacal, alhali Precision na da 20, aka miƙa jikin ya cike gurbin, har jitar ta fi Precision tsawo da kusan inci uku. A takarda hankali ne. A hannu makaɗa suka ga doguwar aba mai gajeren wuya da tsirkiyoyi a matse, suka wuce abinsu. Ana ƙiyasta kimanin 200 aka yi kafin a daina a farkon shekarun 1970, kuma jikkunan da suka yi kwantai aka sassaƙe aka mayar da su ƙaramar jitar Swinger a 1969 don kada katako ya tafi a banza.

Na ce masa ina so. Saura maganar takardu.

16 ga Maris

Wani abokin harka ya kawo mini Jazz Bass ta 1962, ja irin wanda Fender ke kira Fiesta Red, ya ce in duba ko zan karya dokata saboda ita. Ba ta cikin sharaɗina ko ta wace fuska, Jazz Bass ai ba ta taɓa rasa masoya ba tun fitowarta a 1960. Amma duba irin wannan makaranta ce, na karɓa.

A wancan zamani launin da aka saba shi ne mai duhu a gefe da haske a tsakiya. Wanda ke son wani launi sai ya ƙara kashi 5 cikin ɗari a kan kuɗin jita, a fesa masa fentin mota na kamfanin DuPont; shi wannan ja a motar Ford ta 1956 aka fara ganinsa. Kaɗan ne suka biya ƙarin, shi ya sa yau masu tarawa ke rububin su, shi ya sa kuma masu fenti ke ta haifar sababbin tsofaffi.

Wuya na gaske ne, fikof na gaske ne. Da na ɗaga farantin kariya sai na nemi ramukan ƙusa. A farkon shekarun 1960 ma'aikatan Fender kan kafa 'yan ƙusoshi a fuskar jiki, su kifa shi a kansu ya bushe, sai daga baya a zare. Saboda haka a fentin asali cikin ramin tsabtataccen katako ne, don ƙusa na ciki lokacin da aka fesa. Na sa madubin ƙara girma. Ramukan na nan, amma ja ya gangara cikinsu ya taru a ƙasa. An fesa jan ne bayan ƙusa ta daɗe da fita.

Na kashe wuta na haska ta da fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi. Bayan wuya ya yi wani kore-kore mai hazo, yadda tsohon fentin naitiro, irin wanda ake fesa wa jita a wancan zamani, ke yi. Jikin ma ya yi, amma bai kai ba. Ita fitilar ba alƙali ba ce, fentin da aka sake tun shekara arba'in shi ma yana haskawa. Ganin wani launi a ƙarƙashin ja ma ba hujja ba ne shi kaɗai, don masana'antar da kanta takan ɗauki jikin da aka riga aka fesa ta rufe shi da launin da aka yi oda. Ramin ƙusa ne ya yanke hukunci.

Na faɗa masa abin da na gani. Jita ce mai daɗin bugu ƙwarai, kuma sake fenti bai rage mata murya ba ko ƙwayar zarra, amma a wurin dillalai yana zubar da kusan rabin daraja. Wannan lissafi ni ban taɓa ganin hankalinsa ba, sai dai haka kasuwar take, kuma wanda zai saya a hannunsa yana da hakkin sani.

13 ga Afrilu

Na kai Ampeg wurin dattijon da ke yi mini gyara. Tsofaffin rediyo da amfilifaya masu kwalba ne asalin sana'arsa, hannunsa kuma ba ya rawa a kan siririyar waya.

Kafin a buɗe ta sai da ya juya ta ya yi ta kallo. Kanta a nannaɗe yake kamar na babbar bes ɗin tsaye da ake gogawa da baka, jikinta da ramuka biyu dogaye da suka huda har baya, kana iya zura yatsu su fito ta can. Wanda ya kafa Ampeg, Everett Hull, makaɗin babbar bes ne na jaz, kuma bai ɓoye ƙyamarsa ga kiɗan rok da ƙararsa ba. Da kamfaninsa ya tashi yin bes ta ratayawa a 1966, muryar waccan babbar suka nema. To a nan dabarar take. Fikof na kowa maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar tagulla, yana zaune ƙarƙashin tsirkiya yana jin motsin ƙarfenta. Na AEB-1 bai san da tsirkiya ba sam. Jakin ne ke zaune a kan wani siririn faifan ƙarfe, faifan na rawa a saman maganaɗisu da naɗin waya da aka binne cikin jiki. Girgizar jaki ake ɗauka, shi ya sa ko tsirkiyar hanji aka ɗaura, wadda ba ƙarfe a jikinta, za ta yi magana.

Ya ɗaga jakin a hankali, ya zare faifan. Gefensa ya yi tsatsa ja, ƙura ta daskare a ƙarƙashi. Ya ɗora bakin mita a kan wayoyi biyun da ke fitowa daga naɗin, mu duka muka zuba wa allura ido. Ta motsa. Da ba ta motsa ba da magana ta ƙare, don naɗin a cikin daskararren gam yake, ba a kwance shi sai an fasa. Ashe waya ɗaya ce ta tsinke a bakin fot, ta maƙale a cikin rigarta yadda ido ba zai gani ba. Ya goge faifan, ya ɗiga dalma, muka jona.

Muryar da ta fito gajeriya ce mai kauri, dum, ta mutu nan take. Ba ƙara, ba ƙyalli a sama. In ka ƙwanƙwasa jikin da yatsa ma amfilifaya na ɗauka.

Ya ce, "Ɗana, wannan in ka shiga da ita gaban mai ganga ba wanda zai san kana wurin. Bari in fafe nan in dasa mata fikof irin na kowa, rabin yini ne."

Na ce, "Baba, a bar ta da muryarta. Masu fafewar ne suka sa irinta ta yi wuya."

Ya yi dariya ya ce, "To, kai da kayanka."

Gaskiyarsa ce ta fuskar aiki, kamfanin da kansa ya kai ga wannan ra'ayi, a 1968 ya maye gurbinta da AMB-1 mai fikof na maganaɗisu da aka saba. Amma da yawa daga waɗanda suka rage an huda su a shekarun baya, wadda ba a taɓa ba ita ce abar nema.

Matsalar da ta rage tsirkiya ce. Maɗaurinta na ƙasa ya zarce ƙarshen jiki, don haka tsirkiyar bes da aka saba ba ta kaiwa, sai an yi odar mai tsawo na musamman. Waɗanda ke kai tsofaffi ne, ɗaya ta fara warwarewa.

18 ga Mayu

Na buɗe akwatin 'yar Jamus don in yi mata fayil, wani wari mai tsami ya bugi hancina. Notocin da ke kusa da farantin kariya sun yi kore, murfin fikof ya yi dabbare-dabbare, shi kansa farantin ya tsattsage a gefe kamar ƙanƙara.

Ciwon seluloid ke nan, robar da aka yi ta amfani da ita a faranti da adon gefe a wancan zamani. In ta tsufa takan fara ruɓewa tana fitar da iska mai asid, a rufaffen akwati kuma iskar ba ta da wurin zuwa sai kan ƙarfe. Ba a warkar da shi. Na cire farantin, na zana siffarsa a takarda don a yanka madadi, na ajiye shi shi kaɗai a buɗaɗɗen wuri nesa da sauran. Ba zan yar ba, na jitar ne, duk inda ta je zai bi ta a ambulan.

Daga yau kowane akwati zai riƙa shan iska lokaci-lokaci. Ma'aunin danshin ɗakin yana tsakanin kashi 45 da 55, inda ake so. Na kuma naɗe hannuwan maratayan da ƙyallen auduga, don robar da ake sa musu tana cin fentin naitiro in sun daɗe a manne.

22 ga Yuni

Bass V na nan inda take, takarda ake jira.

Allon da ke fuskar wuyanta, inda yatsu ke dannawa, katakon rozwud ne. Har tsakiyar shekarun 1960 na Burazil Fender ke sawa, daga baya aka koma na Indiya, ita kuwa 1966 a kan gaɓa take. Bambancin ba ƙarami ba ne a wurin doka. Tun 1992 rozwud na Burazil ke cikin rukuni na ɗaya na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu barazanar ƙarewa, rukunin da aka fi tsanantawa, saboda an sare dajinsa har ya kusa ƙarewa. A Janairun 2017 aka sa sauran danginsa duka a rukuni na biyu, cinikin jita tsakanin ƙasashe ya rikice, sai a ƙarshen 2019 aka cire kayan kiɗa da aka riga aka ƙera daga wannan ƙa'ida. Sassaucin bai shafi na Burazil ba. Jitar da ke da shi ba ta ƙetare iyaka don ciniki sai da shaidar cewa an yi ta kafin 1992 da izinin fitarwa, wasu ƙasashen har da na shigarwa. In babu, jami'an kwastan na da ikon riƙe ta, kuma ba lallai ta dawo ba.

Mai sayarwa ya so a rubuta na Indiya ne a wuce wurin. Na ƙi. Daga hoto ba mai iya rantsewa, jita kuma irin wannan ba a yin caca da ita. Mun nemi izinin kamar na Burazil ne. Hotunan hatimin wuya da lambar fot da na matsa a ɗauka a Fabrairu su ne yanzu shaidar shekarunta a cikin takardar neman.

27 ga Yuli

Fayil ɗin Travis Bean ya kammala. Daga 1974 zuwa 1979 kamfanin ya yi aiki a Kalifoniya, ya rufe. Wuyan gaba ɗaya alminiyom ne da aka sassaƙa da inji, ya taso daga kai mai hujin harafin T ya ratsa cikin jiki har ƙarƙashin jaki, katakon koa kuma ya lulluɓe shi. Manufar ita ce a huta da wuyan da ke lanƙwashewa, kuma an huta. Murya tana daɗewa ba ta mutu ba, kowace tsirkiya tas.

Abin da aka biya a madadi nauyi ne da sanyi. Kafaɗa na gaya maka bayan rabin awa. Sannan alminiyom na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen tsirkiya, don haka in fitilun dandali suka gasa wuyan sai ya miƙe ya ja tsirkiyoyi, murya ta haura. Na gwada da kaina: na saita ta da sanyin safiya, na bar ta inda rana ke shigowa, na dawo na tarar duk huɗun sun ɗaga. Gary Kramer, wanda aka fara kamfanin da shi, da ya ware ya kafa nasa sai ya dasa katako a bayan wuyan alminiyom ɗin don tafin hannu ya ji ɗumi.

14 ga Satumba

Bass V ta iso, da takardunta cif.

Ban buɗe kwalin a ranar ba. Tsohon fentin naitiro ba ya son sauyin zafi na farat ɗaya, katako da fenti ba sa miƙewa tare, sai fentin ya tsage da siraran layuka. Na bar ta ta kwana ta saba da ɗakin, washegari na buɗe kwali, na bar akwati a rufe har la'asar.

Abin da hoto bai nuna ba shi ne tsawonta. Na jingina ta kusa da H8 mai gajeren wuya sai ta zama kamar raƙumi kusa da jaki. Na kwance wuya na ga hatimin da idona, daidai da hoto. Fikof ɗin rabe yake gida biyu kamar na Precision, sai dai rabi ɗaya na tsirkiya biyu ne, ɗayan na uku, duka biyun kuma suna da rai a mita. Likin dalma duk ya dusashe ya yi toka-toka irin na shekara sittin, in ban da ɗigo ɗaya a bakin ramin jona waya da ke sheƙi. Wani ya taɓa gyara wurin, abin da ba makawa a jitar da aka yi aiki da ita. Kunnen tsirkiyar G ma ba ɗan uwan sauran ba ne: ƙarfensa ya fi haske, kuma da na cire shi na ga ƙarin ramin noti ɗaya a ƙarƙashi. Mai sayarwa bai ambata ba, na fi zaton shi ma bai sani ba. Na rubuta duka biyun a fayil da hoto, na aika masa kwafi.

Wuyan ya ɗan yi ciki fiye da yadda nake so. A tsofaffin Fender bakin sandar gyaran yana gindin wuya ne, sai an sassauta noti an ɗaga kafin a kai gare shi. Rubu'in juyi na yi na tsaya, na ba katako kwana ya bi. Sandar da ta shekara ba a taɓa ba, gaggawa ke karya ta, in ta karye kuma sai an ɓamɓare allon wuya.

Sai bugu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ban yi tsammanin wata ɓoyayyiyar gwana ba. Tsirkiyoyi huɗun ƙasa Fender ce sak, mai kauri da naushi. C ɗin siririya ce, muryarta kamar daga wata jita aka aro, sai na ɗan ɗaga gefen fikof ɗinta kafin ta daidaita da sauran. Hannuna ya yi ta neman firet na 17 yana cin karo da katako. Amma da na ajiye takardar kiɗa a gaba na tsaya wuri ɗaya ina ƙetarawa, yadda aka yi ta don a yi, sai abin ya zauna. Mai tunanin bai yi shirme ba, makaɗan da ya yi wa ita ne ba su kai yawan da za su riƙe ta a kasuwa ba. Shekaru kaɗan bayan haka, a tsakiyar shekarun 1970, makaɗin bes Anthony Jackson ya sa aka ƙera masa mai tsirkiya shida da B a ƙasa da wannan C ɗin a sama, tsarin da ya zauna har yau.

19 ga Oktoba

Mun yi musu da abokin nan mai jar Jazz Bass. Shi a ganinsa jitar da ba ta fi 200 a duniya ba, ba a fita da ita, ba a ma cika taɓa ta. Ni kuwa ina ɗaukar kowacce in buga a kai a kai, kuma ba don soyayya kaɗai ba. Jitar da ke rufe ba mai sanin ranar da wuyanta ya fara karkata ko fot ya fara ƙeƙasa; 'yar Jamus shaida ce. Inda na ba shi gaskiya shi ne fita. Sata ita ce babbar asarar wannan harka. Precision ta 1962 ta makaɗin bes James Jamerson, wadda ya yi yawancin aikinsa na kamfanin faifai na Motown da ita, an sace ta dab da rasuwarsa a 1983, har yau shiru. Ta Jaco Pastorius ta ɓace a 1986, sai bayan shekara ashirin ta ɓulla a New York. Bes ɗin Höfner da Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya saya a Hamburg a 1961 an ɗauke ta daga mota a Landan a 1972, ba ta koma hannunsa ba sai da masu bincike suka baza siffofinta a duniya, aka sanar da samunta a Fabrairun 2024. Abin da ya tabbatar da ita ƙananan alamu ne da aka sani a rubuce da hoto: ta bahago ce, fikof biyun a matse kusa da wuya, ga gyare-gyaren da aka yi mata a 1964.

Saboda haka na ƙara shafi a kowane fayil, na tabo da lahani: ƙarin ramin notin Bass V, tsatsar faifan Ampeg, wani ƙwarzane a bayan H8. Lambar jiki ana gogewa ko a sauya, amma ba ɓarawon da zai bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Kwafi ɗaya na wurin kamfanin inshora, ɗaya a wajen gidan.

23 ga Nuwamba

Tsirkiyoyin Ampeg sun zo, masu santsi, tsawonsu ya kai. Da sababbi muryar ta ɗan buɗe amma tana nan gajeriyarta. Madadin farantin 'yar Jamus ya hau, an yanka shi a kan zanen da na yi, ba a huda sabon rami ko ɗaya ba. Har yanzu ban gano maƙerinta ba. Na aika hotunan kunnuwa da maɗaurin tsirkiya ga wasu masu tara jitocin Jamus, don masana'antun can da yawa wuri ɗaya suke sayen ƙarafa, sai an haɗa da siffar kai da tsarin katakon ciki kafin a ce ga mai ita.

Kunnen G na asali na Bass V ina nema, amma ko an samu ba zan toshe ƙarin ramin ba. Fayil huɗu sun rufe, na 'yar Jamus na buɗe. Ta gaba a jerin nema ita ce Gibson EB-1 ta tsakanin 1953 da 1958, mai siffar goge irin na Turai da sandar ƙarfe da ake zarowa a gindi don a buga ta a tsaye. Yawancin waɗanda ake gani sandar ta ɓata, ni kuma mai sandarta nake so.